Jakar takardun Gwaggo da watannin da muka yi muna bin layin gashi

Ranar da aka fara faɗa mana maganar gashi, Gwaggo na zaune a bakin gadon awo tana gyara ɗankwalinta, likitan yace Mama ciwon nan, sankarar bakin mahaifa, ya wuce a yi masa tiyata, sai dai gashi da kemo (wato kashe ciwon da hasken inji, da kuma maganin sankara da ake sawa ta ƙarin ruwa). Bata ce masa komai ba, sai da muka fito baranda ta kamo hannuna tace 'yar nan, gasa ni za su yi kamar tsire? Wallahi na so in yi dariya na so in yi kuka, kuma gaskiyar magana ni kaina a lokacin bansan amsar ba, ni duk gashin da na sani na ƙashi ne wanda ake yi wa masu shanyewar ɓarin jiki.

Gwaggo ƙanwar babana ce, ita ta riƙe ni tun ina aji uku a firamare har ta aurar da ni, don haka da ciwo ya zo ba a ma yi shawara ba, ni ce mai jinya. Al'ada ta ɗauke mata da daɗewa, kawai sai jini ya dawo, kaɗan kaɗan, da wani ruwa mai wari, ta ɓoye kusan shekara guda saboda kunya, wa za ta faɗa wa, ƴaƴanta duk maza ne. Ta sha na kemis, ta sha jiƙo, an kai ta wajen wani mai magani yace daji ne kuma daji baya son ƙarfe, kada ta yarda a sa mata allura ko wuƙa. Wannan maganar ta daji baya son ƙarfe ni dai a ganina ta kai mutane kabari fiye da yadda muke tunani. Sai da jininta ya ƙare ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida sannan aka kwashe ta zuwa babban asibiti, aka yi mata ƙarin jini leda biyu, aka bamu takarda zuwa asibitin koyarwa.

Toh daga nan ne na fara gane cewa maganin cutar kansa, wato sankara ko daji, ba ɗaki ɗaya bane da za ka shiga ka fito da magani a leda. Hawa hawa ne, kuma kowane hawa ginin sa daban, layin sa daban, kashiyan sa daban, ranar sa daban. Likitan mata shi ya fara dubata ya yanki ɗan nama daga bakin mahaifa, aka sa a kwalba aka miƙo min, wai ni zan kai ɗakin gwaji da hannuna in biya in karɓi rasit. Masu duba naman nan su ne ke faɗin ko kansa ce ko ba ita bace da kuma wace iri, kuma ba wanda zai taɓa majinyaci da kemo ko gashi sai takardarsu ta fito, mu sai da muka yi sati uku muna sintiri. Bayan ta fito sai awon matakin ciwo, hoton ƙirji, sikanin ciki, gwajin ƙoda saboda sankarar bakin mahaifa in ta yi girma tana iya danne hanyar da fitsari ke sauka daga ƙoda, gwajin jini, gwajin ƙanjamau wanda Gwaggo ta yi fushi sosai da ta ji, sai da nas ta lallashe ta tace kowa ake yi wa. Ƙarshe aka ce mataki na 2 ne ya ɗan fita gefen mahaifa, shi yasa cirewa ba zai wadatar ba.

Akwai wani zama da manyan asibitoci ke yi wanda mu ƴan jinya bama gani, likitan tiyata da likitan sankara da mai karanta hoto da mai duba nama su zauna a ɗaki ɗaya su ɗauki fayil ɗaya bayan ɗaya su yanke me za a fara yi wa wane. Wani ƙaramin likita ne ya bani labarin sa da na dame shi da tambaya, yace ai ranar Laraba aka tattauna maganar Mama. Na ji daɗi har raina, ashe dai akwai inda suke haɗuwa. Amma daga ƙofar ɗakin nan zuwa waje, duk abin da suka yanke ni ce zan ɗauke shi a ka in bi da shi ofis ofis, babu wani ma'aikaci guda da aikinsa shi ne ya san ina Gwaggo ta kwana a tafiyar nan. Na sayi wata jaka mai zif, komai a ciki, kati, rasit, faifan sikanin, sakamakon nama da na yi wa hoto kwafi biyar, da wani littafi na ƴan makaranta da nake rubuta duk abin da likita ya faɗa da kwanan wata. In jakar nan ta ɓace, wallahi magani ya koma farko.

Asibitin da muke ba su da injin gashi, sai aka sake tura mu wani gari. Ba zan faɗi sunan asibitin ba don akwai abubuwan da zan faɗa marasa daɗi, kuma mutanen wurin sun yi mana iya ƙoƙarinsu. Amma duk wanda ya taɓa jinyar mai kansa a Arewa ya san sunayen da ake lissafa masa ba su da yawa, Shika a Zariya, asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, asibitin ƙasa na Abuja, Gombe, in kuma da hali a ce maka ka gangara Legas inda aka buɗe sabuwar cibiya a asibitin koyarwa na can a 2019, ko Ibadan. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, wadda ƙiyasin hukumar lafiya ta duniya ke cewa ana samun sabbin masu kansa sama da 120,000 duk shekara, kuma masana sun ce kusan rabin masu kansa za su buƙaci gashi a wani mataki na ciwonsu. Ka ɗora wannan a kan ƴan injinan da ba su taka kara sun karya ba, shi ne layin da muka tarar. A Nijar ma sai a 2021 aka buɗe wurin gashi na farko a Yamai da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya, kafin nan sai mutum ya tsallaka wata ƙasa.

Ni na ɗauka muna isa za a kwantar da ita a kunna inji. Ina! Sai da aka buɗe sabon kati, sabon likita ya karanta takardunmu tun daga farko, ya ce jininta ya yi ƙasa a je a ƙara kafin a fara, don wai gashi ya fi kama ciwo in akwai isasshen jini a jiki, sannan aka bamu ranar awo. Ranar awon nan an sa ta sha ruwa ta riƙe fitsari, aka kwantar da ita a injin sikanin a daidai yadda za ta riƙa kwanciya kullum, aka saita wasu jajayen layukan haske a jikinta, aka ɗiga mata alama uku, ɗaya a mara biyu a kwatangwalo, kamar ɗigon zanen da ake yi da allura, aka zagaye da alƙalami aka ce kada a goge kada a cuɗa da soso. Gwaggo mai wanka da soso da sabulun salo kamar za ta cire fata, wannan dokar ta fi komai yi mata wuya.

Daga nan kuma sai jira, kwana goma sha wani abu, kuma a nan ne mutane da yawa ke zargin an manta da su ko ana jiran cin hanci. Ni ma na zarga. Ashe aiki ake a kwamfuta, likita zai bi hoton nan yanka yanka ya zana inda ciwon yake da inda ake tsoron ya bi, ya zana mafitsara da hanji da dubura waɗanda ake so a kare, sai ya miƙa wa wani ma'aikaci masanin fiziks wanda ba likita bane kuma majinyata ba su cika ganinsa ba, shi zai lissafa ta wace kusurwa hasken zai shiga da ƙarfin sa da tsawon lokacin sa. Shi ne kuma ke auna injin ya tabbatar abin da yake fitarwa daidai ne. Na gan shi sau ɗaya, wani siririn saurayi da tabarau, na nuna wa Gwaggo nace ga wanda ya yi miki lissafi, tun daga ranar take ce masa malamin lissafi tana sa masa albarka. Irinsu ba su da yawa a ƙasar nan, wata nas tace min in ya yi tafiya ko ya kwanta ciwo fayiloli taruwa suke yi.

Shi kansa gashin, abin da ya bani mamaki, ba komai bane a ido. Ɗaki ne mai kaurin bango sosai na kankare, ƙofar sa nauyi kamar ta banki, sai ka bi wani lungu mai lanƙwasa kafin ka isa wurin injin, duk don kada hasken ya fito waje, kuma akwai hukumar kula da harkar nukiliya ta ƙasa da sai ta ba da lasisi kafin a kunna irin wannan inji. Ma'aikata za su kwantar da ita su daidaita ɗigon jikinta da jan haske, su fita su rufe, suna kallonta ta talabijin suna mata magana ta lasifika. Injin ya juya ya yi ƙara, minti goma zuwa sha biyar har da kwanciya da tashi, shikenan. Ranar farko ta fito tana dube dube tace 'yar nan an fasa ne? Nace an gama. Tace ko ɗumi ban ji ba, anya ba cutarmu suke ba. Babu wuta babu zafi, haske ne irin na hoton ƙashi amma mai ƙarfin gaske, yana lalata ƙwayoyin ciwon a hankali, shi yasa ake rarraba shi kaɗan kaɗan don lafiyayyen nama ya samu ya farfaɗo tsakanin yau da gobe. Kuma ba ta ɗauko komai a jikinta, tana iya ɗaukar jika tana iya cin abinci da kowa, wannan sai da na yi ta nanata wa ƴan uwa don akwai wadda ta ware mata kofi.

Zama 25 aka rubuta mata, Litinin zuwa Juma'a, sati biyar, da kemo sau ɗaya a sati ta ƙarin ruwa, wani magani sisfilatin, kuma kafin kowane kemo sai an ɗebi jini an duba ƙoda da ƙwayoyin jini. Kun ga ke nan ranar kemo layi uku ne, ɗakin gwaji, ɗakin kemo, ɗakin gashi, kuma maganin ni zan nemo shi, wata rana akwai a famasin asibiti wata rana sai cikin gari. Muka kama ɗaki a wata unguwa kusa da asibiti, mu da ba mu san kowa a garin ba. Wasu ko ɗakin babu, a barandar asibiti suke kwana a kan tabarma da buta da risho, wata biyu, uku. Minti goma na magani, amma sai ka bar gidanka da sana'arka da ƴaƴanka ka dawo wani gari da zama. Mijina Allah ya saka masa, shi da ƙanwarsa suka riƙe yara.

A bencin jira ne na yi karatun da ban yi a makaranta ba. Akwai masu sankarar mama da aka cire wa nono, wasu zama 15 kawai aka rubuta musu, akwai dattawa masu ciwon mafitsara na maza, akwai wani yaro mai ciwo a wuya da aka yi wa wani abin rufe fuska na roba mai raga da ake ɗaure shi da gado don kada kansa ya motsa, akwai wani tsoho da ciwon ya shiga ƙashin bayansa, shi sau ɗaya tak aka yi masa, ba don warkewa ba, don ya samu ya yi barci. Matan nan sun zama dangi, wadda ta riga shiga ita ke koya wa sabuwa, sha ruwa kaza kafin a kira ki, kada ki shafa man zafi a wurin, sa zani mai laushi, in zawo ya fara ki faɗa wa nas kada ki ɓoye. Zawon kuwa ya zo a sati na uku, da zafin fitsari da kasala, abinci ya fita kanta, kunu da farfesun kifi kawai take iya sha.

Ranar zama na 14 muka zo da sassafe muka tarar da mutane cirko cirko a ƙofa. Inji ya tsaya.

Ba zan manta fuskokin mutane ba. Aka ce wani abu ne ya ƙone a ciki, an kira injiniya, kayan kuma sai an kawo daga waje. Kullum mu zo a ce gobe. A lokacin ne na koyi bambancin injinan, akwai tsohon yayi mai amfani da wani sinadari kobalt, shi baya cin wuta sosai kuma yana da juriya, amma ƙarfin sinadarin raguwa yake da rabi duk shekara biyar da ɗoriya, in ya tsufa zaman minti biyu sai ya koma minti da yawa har a canza shi. Akwai kuma na zamani da suke kira linak, wanda da lantarki yake haɗa hasken, ya fi iya saiti ya fi kare lafiyayyen nama, amma ɗan gata ne, yana son tsayayyar wuta da sanyi da ruwan sanyaya shi da injiniya a kusa, mu kuwa kun san halin wutarmu, a ɗauke a kawo, janareta ya sha gas ya ƙoshi. Sayen inji a yanka kyalle a ɗauki hoto ba shi ne wahalar ba, wahalar ita ce wa zai biya kuɗin gyara shekara goma masu zuwa.

Abin da ya hana ni barci shi ne likitan ya taɓa faɗa min cewa a irin ciwon Gwaggo ana so a gama komai da komai cikin sati takwas, in ya ja fiye da haka ciwon yana samun sarari ya sake tsiro. Na buɗe littafina ina ƙirga kwanaki kamar mai jiran haihuwa. Na same shi nace likita mu tafi wani gari mana? Yace in kun je can sabon kati ne, sabon awo, sabon lissafi, sabon layi, don lissafin wannan injin ba ya hawa wancan kai tsaye. Wasu sun tafi, wasu sun koma gida ba su dawo ba, wata mata da muke zama benci ɗaya mijinta yace kuɗin haya ya ƙare, suka tattara. Mu muka zauna. Kwana tara aka yi, da aka gyara sai malamin lissafi ya sake zama a kan fayil ɗinta, aka riƙa kiranmu har ranar Asabar don a cike giɓi, ma'aikatan nan suna kaiwa dare. Gwaggo kam ko a jikinta, tace 'yar nan kwana na Allah ne ki bar ƙirga, nace Gwaggo na sani amma bari dai in ƙirga.

Bayan zama 25 akwai saura, gashin ciki, wanda nas nas ke ce wa biraki, Gwaggo ta ji kamar birki tace to ai gara a taka masa birkin. Shi wannan ana shigar da wasu siraran bututu ta gaba har bakin mahaifa, a tura ɗan ƙanƙanin sinadari mai haske ya tsaya daf da ciwon na ƴan mintuna a janye shi. Ba ƙari bane na ganin dama, a sankarar bakin mahaifa in ba a yi shi ba magani bai cika ba, kuma ba kowane wurin da ke da babban inji ne ke da shi yana aiki ba, mun ga waɗanda suka gama na waje a wani gari suka zo nan neman na ciki kawai. Sau uku aka yi mata. Wannan kam ya yi zafi, kuma ya taɓa kunyarta, sai da na roƙa a samo ma'aikaciya mace ta tsaya a kanta.

Maganar kuɗi ba zan tsawaita ba don kowa ya sani, filin da ta gada ya tafi, ƴan kunnena sun tafi. Sai muna dab da gamawa wata ma'aikaciyar walwala ta tambaye ni ko mun cike takardar asusun tallafin masu kansa na gwamnatin tarayya, wanda ke taimaka wa marasa ƙarfi masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza a wasu zaɓaɓɓun asibitoci. Ban taɓa jin labarinsa ba! Wata huɗu ina yawo da jaka a asibitoci biyu babu wanda ya faɗa min, ba don mugunta ba, kowa yana tsammanin wani ya faɗa. Ni da za a tambaye ni me za a fara gyarawa, kafin ma sabon inji, a ɗauki nas guda a bata tebur da waya, aikinta kawai ta riƙe sunan kowane majinyaci ta san yau yana ina gobe ina zai je, ta kira shi in bai zo ba, ta faɗa masa in inji ya tsaya kafin ya biya kuɗin mota daga ƙauye, da Hausa, ba da turancin da ake rubutawa a kati ba. Ni na yi boko na iya karanta takarda na iya tsare likita da tambaya, kuma duk da haka sau biyu ina kuka a bayan ɗakin gwaji. Ina tunanin dattijon da ya zo da matarsa daga ƙauye da takarda a aljihu bai san me ke cikinta ba.

Mun gama a kwana 60, mun ɗan haura abin da ake so, likitan yace ba laifi. Bayan sati shida muka koma aka dubata, jinin ya tsaya, warin ya tafi, yanzu duk wata uku muke zuwa, kuma basu ce ta warke ba, cewa suke ba a ga komai ba, na koyi bambancin maganganun nan biyu.

Da aka zo unguwarmu da rigakafin ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa, wanda aka fara yi wa ƴan mata ƴan shekara 9 zuwa 14 a ƙasar nan tun watan Oktoban 2023, matan layinmu da yawa sun rufe ƙofa, wai na hana haihuwa ne. Gwaggo ta sa hijabi ta kamo hannun babbar ƴata da ƴar maƙociyarmu da uwarta ta amince, ta kai su da kanta, ta tsaya a gaban mai allurar har aka gama. Da suka dawo take ce min in duba littafin nan nawa in gani wace rana ce komawarmu asibiti, don akwai bikin jikar ƙawarta kada su haɗu, na zuge jakar na duba, ranar Talata ce ta sama, bikin kuma Asabar.